Gaisuwar Gwaggo da Injin Tallafi

Shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyenmu, lokacin da sai mutum ya hau tudun bakin kanal kafin ya samu sabis, ni sana'ata casar shinkafa ce. Ina da wani tsohon inji a rumfar kwano, bakin hanyar da ta fito daga Kura ta nufi Bunkure. Inji ne mai taurin kan tsiya. Da safe sai na juya hannunsa har kafaɗata ta yi tsami kafin ya yi tari sau biyu ya kama, in ya kama kuwa har bayan gari ana jin ƙararsa. Amma da shi na yi aure, da shi na rufa wa ɗakina kwano, don haka ba na son a zage shi a gabana.

A yankinmu ruwa ba ya yankewa a kanal, rani da damina noma ake yi. Kusan kowane gida za ka tarar da rabin duro a kan murhu ana turara shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba. Mata su jiƙa, su turara, su shanya, sai a kawo mini in casa, a kai kasuwa. Duk unguwarmu ba wani inji sai nawa. Ba na cewa ban yi ɗagawa ba, na yi. Wadda ta kawo mini shinkafa da sauran danshi sai ta sha faɗa kafin in zuba mata.

Sai ga taubashina. Ɗan Gwaggo ne, yayar mahaifina, sa'ana ne kuma, tare aka yi mana kaciya. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake ce masa bawana, shi ma bawansa yake ce mini, har yau ba a raba gardamar ba. Sana'arsa acaɓa da bin kansila wurin taro. Bai san gaban inji ba bai san bayansa ba. Wata ranar Talata ina cikin ɓuntun shinkafa har gira, sai ga babbar mota ta tsaya daidai tsallaken hanya, ƙarti shida suka sauke wani kore shar ɗin inji, ko ledarsa ba a cire ba. Taubashina na tsaye da sabuwar hula yana ba da umarni.

Na ƙwala masa kira, na ce, "Kai bawa, wa ka yi wa fashi?"

Ya ce, "Gwamnati ce ta duba ta ga ubangidanka ya cancanta. Ka zo ka taɓa, amma ka wanke hannu tukuna."

Ashe tallafi ne aka fito da shi don bunƙasa sana'ar shinkafa. Sharaɗinsa guda, ba a bai wa mutum ɗaya, sai ƙungiya. Shi kuwa gogan ya ji labari a gidan kansila, ya bi gida-gida ya tattara matan unguwarmu masu turara, ya yi musu rajista. Gwaggo ce shugaba, shi ne sakatare, shi ne kuma mai juya inji. Ɗan abin da suka biya bai kai kuɗin tsohon babur ba, aka haɗa musu da duro guda na man gas. Ga injin yana da wata na'ura mai tsince tsakuwa, abin da nawa ko a mafarki bai taɓa yi ba. Washegari ya rataye kwali, casa rabin kuɗi.

Wallahi raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni da guminna na sayi injina, gas kuma a gidan mai nake saye kamar kowa. In da cewa aka yi ya fi ni iya aiki, da na haƙura. Mutumin da ranar farko ya sa bel ɗin injin a juye, sai da na tsallaka na gyara masa saboda ba zan iya kallo ba! Amma wace mace ce za ta bar rabin kuɗi da shinkafa babu tsakuwa ta zo wurin mai faɗa? Cikin mako biyu rumfata ta koma wurin kwanciyar awaki. Ina zaune ina kallon layin buhuna a tsallake, shi kuma in ya samu sarari sai ya ɗago hannu ya ce, "Bawana, yau ma hutu ake? Allah ya ba mu irin jin daɗinku."

Mutum ɗaya ce ba ta yasar da ni ba, Gwaggo. Tsohuwa ce gajera mai ƙarfin murya, ta fi shekara talatin tana turara shinkafa, kuma ba ta jin kunyar kowa. In ta shanya buhu biyu, ɗaya ta aika wa ɗanta, ɗaya ta biyo mai baro da kanta ta kawo mini. Na ce mata, "Gwaggo, ki daina wahalar da kanki, nawa ya fi tsada, ga tsakuwa."

Ta ce, "Rufe mini baki. Tsakuwa na ci na girma. Zuba mini."

Na gwada rage kuɗi ni ma. Kwana bakwai na yi, na ga ashe mai gidan mai nake yi wa aiki. Mai ɗakina ta dube ni wata safiya ina wanke baƙin mai a hannu, ta ce, "Maigida, wai mu ne muke ci da injin nan ko shi ne yake ci da mu?" Har wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya fara ratsowa ta rumfata yana gaishe ni da fara'a, yana shafa injin kamar mai taya rago. Abin da nake tsoro ke nan, in sayar da shi in koma ƙwadago a gonar wasu.

Ana cikin haka injin ma ya ƙi tashi gaba ɗaya. Na hau keke na tsallaka gadar kanal zuwa ƙauyen da ke gabas da mu, wurin Baba. Ba mahaifina ba ne, amma a hannunsa na koyi aikin nan, shekara huɗu ina zuba masa shanshera kafin ya ce in je in kafa nawa. Shi ne mai injin ƙauyensu tun ban san kaina ba. Ya biyo ni a kekensa da jakar sifanu, ya kwance, ya hura, ya ɗaure, inji ya tashi. Da ya gama ya tsaya yana kallon koren injin tsallake, ya ce, "Ikon Allah. Ka ga abu mai kyau. Sai dai mai shi yana ba shi wuta fiye da ƙima." Na fara zazzage masa cikina, ya ce in yi haƙuri, kasuwa juyawa take.

Taubashina ne da bakinsa ya kawo mini labarin za a sake raba wasu injinan. Ya tsallako da rake a hannu, ya zauna a kan buhuna ba tare da an ba shi izini ba.

Ya ce, "Tausayinka nake ji, kar a ce bawana ya lalace a gabana. Ka kafa ƙungiya."

Na ce, "Da su wa? Ka kwashe matan unguwa kaf."

Ya ce, "Kai dai ba ka waye ba. Su ɗin dai za ka sa. Ofishi takarda yake dubawa, wa ya ce maka yana duba fuska?"

Shi ya karɓo mini fom a birni, shi ya nuna mini inda ake cikewa. Na bi gidajen da ya bi, ba wadda ta ce a'a. Yaya za ta ce a'a, alhali ko ni na casa mata shinkafar bikinta, ko uwata ce ta yi mata wankan jego? Aka kira mai hoto daga Kura, ya kafa jan ƙyalle a jikin katangar gidanmu. Matan nan suka shiga musayar mayafai da ɗankwali don kada hoton ya yi kama da na farko. Wata ta ari tabarau, wata ta ɗaure fuska kamar an yi mata mutuwa, mai hoto na ta roƙo a daina dariya. Gwaggo ta ce ita ba ta canza komai, fuskar da Allah ya ba ta ke nan, kuma ba ta shiga ƙungiyar da ba ita ce shugaba ba. Haka na rubuta ta.

Aka aiko cewa jami'i zai zo ranar Alhamis ya ga 'yan ƙungiya ido da ido. A nan ne hankalina ya tashi. Taubashina ya ce in kwantar da hankali, ma'aikatan suna da yawa, ba lalle wanda ya zo masa ne zai zo mini ba. Duk da haka na tara matan tun hantsi a gindin darbejiyar ƙofar gida, na yi musu karatu. Na ce ko da shi ne, kowa ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. A amsa sallama, a yi shiru, ni zan yi bayani. Na maimaita wa Gwaggo sau uku. Ta ce, "Na ji, ai ba kurma ba ce ni."

Farar mota ta tsaya. Wani siririn mutum mai tabarau ya fito da jaka a hammata. Na ga matan sun fara sunkuyar da kai suna jan mayafi, na san shi ne. Ya yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. Na shimfiɗa masa darduma, na kawo ruwan leda mai sanyi, na fara, "Ranka ya daɗe, wannan ƙungiya tamu sabuwa ce, waɗannan bayin Allah ba su taɓa samun..."

Ban ƙarasa ba. Gwaggo da ke ta mutsu-mutsu a kan tabarma kamar mai zaune a kan ƙaya ta kasa daurewa. Ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, yaya mai jego? Wancan zuwan ka ce an yi maka haihuwa. Yaya jaririn, ya fara zama?"

Ni dai na dafe kai. Jami'in ya cire tabarau, ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Lafiya ƙalau, Hajiya, har ya fara rarrafe." Sai wata daga baya ta ce, "Masha Allahu, Allah ya raya." Shi ke nan, sauran ma suka ɓarke da Allah ya raya, har da mai tambayar ko an samu ruwan nono sosai. Mai aron tabarau ta cire ta ajiye.

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya natsu ya ce, "Hajiya, can ke ce shugaba, nan ma ke ce shugaba?"

Ta ce, "To can ɗana ne, nan ma ɗana ne. Wanne zan ƙi? Ku ne kuka ba ɗaya kuka hana ɗaya, kuka sa ina raba buhu biyu kullum kamar mai rabon gado."

Bayan ya tafi na ce, "Haba Gwaggo! Sau uku na faɗa miki!" Ta ce, "Kai, tafi can. Mutum an yi masa haihuwa, in gan shi in yi shiru? Wace irin tarbiyya ce wannan? Inji ya daɗe bai zo ba." Taubashina kuwa, da ke laɓe a rumfarsa yana kallo, sai da ya kwanta a kan buhu don dariya. Wata guda bai gaishe ni da komai ba sai yaya mai jego.

Amma jami'in mutumin kirki ne, bai yaga takardata ba. Kafin ya shiga mota ya ja ni gefe ya ce ya ga injina, ya san ni ne mai sana'ar na gaske. Ya ba ni mako biyu in kawo mata masu turara na haƙiƙa waɗanda ba su cikin wata ƙungiya. A unguwarmu babu ko ɗaya. Na yi tunani, na yi tunani, na sake hawa keke na tsallaka kanal.

Na tarar da Baba yana aiki, mata huɗu na jiran layi. Na ba shi labari, ya yi dariyar Gwaggo har da hawaye. Da na zo kan buƙatata sai na shiga kewaye-kewaye, shi ya ƙarasa mini. Ya ce, "Mata kake nema? Ai ga su nan. Duk masu kawo mini zan yi musu magana."

Na ce, "Baba, kai ba za ka nema ba? Ai kai ka fi cancanta."

Ya ce, "Ina ni ina fom da hoto da zaryar birni, ɗana? Ko sunana ban iya rubutawa da boko ba. Kai dai ka samu, in ka samu na samu."

Akwai sharaɗin da na sani a takardar, cewa 'yan ƙungiya a injin ƙungiya za su riƙa casa, a kan rangwame. Na faɗa masa, amma a gurguje, kamar mai wucewa ta gaban kare. Ya ce, "Haba, wace ce za ta ɗauki buhu ta tsallaka kanal saboda 'yan canji? Suna kawai za su ba ka." Na ce haka ne, Baba. A raina na san yadda matan unguwarmu suka tsallaka hanya cikin mako biyu, kuma na san gadar kanal ba ta fi tafiyar shan rake guda ba. Na bar shi a haka, don ina son injin.

Baba da kansa ya bi gidajen, shi ya tara su ranar da jami'i ya dawo, har ya ara mini bencinsa. Wannan karon ba a yi wa kowa karatu ba, kowa ta nuna hannunta da wuta ta gasa, aka sa hannu a takarda.

Ranar da aka sauke nawa koren injin, Gwaggo ta rangaɗa guɗa har sau uku a tsakiyar hanya, ta tsayar da motocin Bunkure. Mai ɗakina ta dafa shinkafa da wake aka raba. Taubashina ya tsallako ya zagaya injin, ya ce nasa ya fi kore. Na rataye nawa kwalin, rabin kuɗi, na sa an rubuta shi da manyan baƙaƙe yadda zai iya karantawa daga inda yake. Tun daga ranar muka koma daidai. Yanzu sai wanda ya fi sauri, ya fi fitar da shinkafa ba karyayya, kuma a nan na nuna masa ni ne ubangida. Matan unguwa suka rabu biyu, Gwaggo ta ci gaba da raba buhunanta, ta ce ta riga ta saba. Faɗan da nake yi wa masu danshi ma na rage, don na ga abin da tsallaka hanya yake nufi.

Matan gabas kuma suka fara zuwa. Da fari biyu, a bayan acaɓa. Sai suka haɗa kuɗi suka riƙa ɗaukar amalanken shanu na wani Bafulatani da ke zaune kusa da su, ya kawo buhuna da safe, ya koma da ɓuntu. Rumfata ta cika har na ƙara kwano. Rabona da irin wannan walwala tun ina ango. Nakan tambaye su Baba, su ce yana nan lafiya. Wata ta ce yanzu sau biyu a mako yake tayar da inji. Daga baya na daina tambaya. Kullum ina cewa Juma'a mai zuwa zan tsallaka in gaishe shi, Juma'a ta zo in ce aiki ya yi yawa.

Bayan girbin rani, wata safiya layi ya kai bakin hanya, ina ta zuba shanshera ina wasa da matan. Na ɗago don in ga saura nawa, sai na hango keke a ƙarshen layi, da rabin buhu ɗaure a baya. Baba ne, yana tsaye a rana bayan mata tara, yana jiran a zo kansa.

Na sauko da gudu na durƙusa. Na ce, "Baba, kai ne a layi? Me ya samu injin?"

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Mai sayen ƙarafa ya ɗauke shi wancan makon. Ba a tayar da inji don rabin buhu, ɗana, gas ɗin ma ba zai fito ba. Wannan ta gida ce, za a ci." Ya laluba aljihu, ya ce, "Nawa kuke yi wa wanda ba ɗan ƙungiya ba?"

Matan ƙauyensu duk suka sunkuyar da kai. Na kwance buhun daga keken na saɓa a kafaɗa, ya biyo ni har gaban injin. Ya ɗan karkata kai yana saurare, ya ce, "Bel ɗinka ya saki. Kashe in riƙe maka."

Na kashe injin. Na ɗauko sifana, ya riƙe mini, na ɗaure.